Ƙasa da Rabin Senti a Gaban Kotun Turai: Shari'ar Farashin Mintin Waya a Jamus

A shekarar 2001, lokacin da Jamus ke shirin ajiye kuɗinta na mak ta rungumi Yuro, kamfanin wayar salula na Viag Interkom, wanda ya koma amsa sunan O2 a 2002, ya mayar da jadawalin farashinsa daga tsohon kuɗi zuwa sabo. A cikin tsare-tsaren kamfanin akwai wanda ake kira Genion Home, inda kiran da aka yi bayan ƙarfe tara na dare yake cin mak 0.05 a kowane minti, wato fenik biyar. Da aka raba wannan adadi da farashin canji na hukuma, wanda yake mak 1.95583 a kan Yuro ɗaya, sai aka samu Yuro 0.02556, wato senti biyu da rabi da 'yan ɓurɓushi. Kamfanin ya cike adadin zuwa senti mafi kusa, ya rubuta senti uku. Abin da aka ƙara a kan minti guda bai kai rabin senti ba, kuma babu tsabar kuɗin da za a iya biyansa da ita, amma shi ne ya kai ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta birnin Hamburg da kamfanin har gaban babbar kotun Tarayyar Turai da ke Luksambag, wadda ta yanke hukunci ranar 14 ga Satumba, 2004.

Dokar da aka shimfiɗa tun kafin Yuro ya fito

Tarayyar Turai ta hango wannan irin rigima tun da wuri. Ranar 17 ga Yuni, 1997, shekara ɗaya da rabi kafin Yuro ya fara aiki a littattafan bankuna, aka kafa doka mai lamba 1103/97, wadda gajera ce amma ta tsara yadda za a riƙa juya kuɗi daga wani zuwa wani. Ranar 31 ga Disamba, 1998, aka tsayar da farashin canjin kuɗaɗen ƙasashe goma sha ɗaya, ba zai ƙara motsi ba: Yuro ɗaya ya zama mak 1.95583 na Jamus, faran 6.55957 na Faransa, lira 1,936.27 ta Italiya, da sauransu. Washegari, 1 ga Janairu, 1999, Yuro ya zama kuɗin lissafi, sannan takardu da tsabar kuɗinsa suka shiga hannun jama'a ranar 1 ga Janairu, 2002. A tsakanin waɗannan ranaku biyu ne kamfanoni da ma'aikatu suka yi ta sauya jadawalin farashi, kuma a nan ne wannan lamari ya faru.

Sashe na 4 na dokar ya ce kowane farashin canji zai kasance da lambobi shida masu ma'ana, kamar 1.95583, kuma ba a yarda a taƙaita shi ko a datse masa wutsiya ba yayin lissafi. Ya kuma hana amfani da farashin da aka juya baya. Dalilin wannan hani yana bayyana da zarar kuɗin ya yi yawa. Idan aka raba mak miliyan ɗaya da 1.95583, ana samun Yuro 511,291.88, amma idan aka fara lissafa cewa mak ɗaya Yuro 0.511292 ne sannan aka ninka da miliyan, sai a samu Yuro 511,292.00, an samar da senti goma sha biyu daga babu. Haka nan wanda zai juya faran zuwa mak dole ya bi ta Yuro tukuna, kuma adadin da ya samu a tsakiya ba zai rage shi ƙasa da lambobi uku bayan ɗigo ba.

Sashe na 5 shi ne ya yi magana kan cikewa. Ya ce adadin kuɗin da za a biya ko za a shigar a lissafi, idan an juya shi zuwa Yuro, za a cike shi sama ko a rage shi ƙasa zuwa senti mafi kusa, idan kuma ya faɗo daidai tsakiya, a cike shi sama. Akwai kuma sashe na 3, wanda mutane da yawa ba su kula da shi ba sai da shari'a ta taso: shigowar Yuro ba za ta canza ko da sharaɗi ɗaya na wata yarjejeniya ba, kuma ba za ta ba wani ɓangare ikon sauya yarjejeniya shi kaɗai ba. A gabatarwar dokar ma an faɗa a fili cewa ƙa'idar cikewa ba ta hana kowa yin amfani da lambobi masu yawa a lissafin tsaka-tsaki don ƙarin daidaito.

Inda lissafi ya rabu biyu

Ƙungiyar masu saye ta Hamburg ba ta ce kamfanin ya yi kuskuren rabawa ba, kuma ba ta ce 0.02556 ya fi kusa da senti biyu ba. Kowane ɗalibin aji shida ya san cewa senti uku ne ya fi kusa. Ƙorafinta shi ne matakin da aka yi cikewar a kansa. Ta ɗauki kiran minti goma ta auna. A tsohon tsari kiran yana cin mak 0.50, a sabon tsari kuwa yana cin senti talatin, wanda idan aka mayar da shi tsohon kuɗi ya kama mak 0.59. Mai waya bai sa hannu a sabuwar yarjejeniya ba, ba a aiko masa da sanarwar ƙarin farashi ba, amma abin da yake biya ya haura da fiye da kashi 17 cikin ɗari.

Yana da kyau a tsaya a nan a bi lissafin a hankali, domin duk shari'ar a kansa ta tsaya. Akwai hanyoyi biyu na fitar da kuɗin kiran minti goma a Yuro. Ta farko ita ce a haɗa mintocin a tsohon farashi a samu mak 0.50, a raba da 1.95583 a samu Yuro 0.2556, sannan a cike sau ɗaya a samu senti 26. Ta biyu ita ce a fara cike farashin minti ɗaya ya zama senti uku, sannan a ninka da goma a samu senti 30. Duka hanyoyin sun yi amfani da farashin canji ɗaya, duka sun bi ƙa'idar senti mafi kusa, amma tsakaninsu akwai senti huɗu. Idan kiran ya kai awa ɗaya, hanya ta farko tana ba da Yuro 1.53, ta biyu kuma Yuro 1.80. Wanda ya yi minti ɗari biyar a wata a kan wannan farashi zai biya Yuro 12.78 ta hanya ta farko, Yuro 15 ta hanya ta biyu.

Bambancin hanyoyin biyu yana da tsari, kuma tsarin ne ya sa lamarin ya zama babba. Idan aka cike jimillar ƙarshe, kuskuren ba zai taɓa wuce rabin senti ba, ko bashin na Yuro biyu ne ko na Yuro dubu biyu, kuma wani lokaci mai saye ne zai ci ribarsa, wani lokaci mai sayarwa. Idan kuwa aka cike farashin ɗaya-ɗaya, kuskuren yana ninkuwa da yawan abin da aka saya, kuma kullum ɓangare guda yake karkata, tunda an riga an kafe shi a jikin farashin. Mai awon hatsi da ya rage ɗan tafin hannu sau ɗaya a kan buhu bai taɓa mai saye sosai ba, amma wanda ya rage wannan tafin a kan kowane mudu ya fitar da mudu da yawa kafin kasuwa ta tashi. Haka kuma illar ta fi tsanani ga farashi mafi ƙanƙanta. Rabin senti a kan kaya na Yuro goma ba a ganinsa, amma a kan farashin da bai kai senti uku ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na kuɗin gaba ɗaya. Saboda haka tsarin kiran dare, wanda aka tallata shi da arha, shi ne ya fi jin jiki.

Hujjar kamfanin ba ta banza ba ce, kuma adalci ne a faɗe ta da ƙarfinta. Matsayinsa shi ne farashin minti yana cikin adadin kuɗin da sashe na 5 ya ambata, don haka cikewar da ya yi bin doka ce. Wanda ya karanta sashen shi kaɗai zai iya fahimtarsa haka, domin farashin minti shi ne abin da ake rubutawa a talla, shi ne abin da mai saye ke dubawa idan yana gwada kamfani da kamfani, kuma shi ne ake shigarwa a kwamfutar da ke fitar da takardar biya. Ana iya ƙarawa da cewa senti uku ya fi sauƙin riƙewa a kai fiye da 2.556. Sai dai wannan sauƙin yana da tsada, kuma ba wanda ya zaɓe shi ne ke biyan tsadar ba. Bayan haka, Jamusawa ba baƙin farashi mai ɓurɓushin senti ba ne, domin a gidajen mai nasu ana rubuta kuɗin lita da lamba ta uku bayan ɗigo, kuma kuɗin wutar lantarki ma ana lissafa shi da guntayen senti a kan kowane ma'auni, ba tare da kowa ya rikice ba.

Abin da kotu ta ce

Ƙungiyar ta shigar da ƙara a kotun yanki ta birnin Munik. Da yake dokar da ake jayayya a kanta ta Tarayyar Turai ce, alƙalan Munik sun dakatar da shari'ar suka aika da tambayoyi zuwa Luksambag, kamar yadda tsarin Tarayyar ya tanada: babbar kotu ta fassara doka, kotun ƙasa kuma ta ɗora fassarar a kan abin da ke gabanta. An ba shari'ar lamba C-19/03, kuma babban zauren kotun ne ya saurare ta, abin da ke nuna cewa ba a ɗauke ta ƙaramar magana ba. Tambayoyin biyu ne a dunƙule. Shin farashin minti adadi ne da za a biya ko a shigar a lissafi, wanda dole a cike shi? Idan kuma ba haka ba ne, shin dokar ta hana a cike shi?

A kan tambaya ta farko kotun ta ce a'a. Farashin minti ma'auni ne da ake amfani da shi don a gano abin da za a biya, babu wanda ke miƙa shi a matsayin bashi. Dalilin da ya sa ake cike kuɗi zuwa senti shi ne senti ne mafi ƙanƙantar abin da za a iya biya, don haka tilascin cikewa yana kan adadin da zai fita daga hannu ya shiga hannu. Farashin da ke zaune a jadawali ba ya fuskantar wannan matsala, ana iya barinsa da lambobi biyar bayan ɗigo ba abin da zai lalace. Kasancewar mai saye yana kallonsa wajen zaɓen kamfani bai mayar da shi adadin biya ba.

Amsar tambaya ta biyu ta fi laushi, kuma a nan ne masu karanta hukuncin ke iya saɓawa. Kotun ba ta haramta cike irin wannan farashi kai tsaye ba. Ta ce ana iya yi, da sharaɗin cewa an kiyaye ɗorewar yarjejeniya kamar yadda sashe na 3 ya tanada, kuma an kiyaye manufar cewa sauyin kuɗi bai kamata ya ƙara wa kowa ko ya rage masa ba. Ma'ana, cikewar kada ta taɓa alƙawarin da ɓangarorin suka ɗauka, kada kuma ta yi tasiri na zahiri a kan abin da za a biya a ƙarshe. Ta ƙara da cewa inda kuɗin ƙarshe ke fitowa daga ninka ƙaramin farashi sau da yawa, cike wannan farashi yana iya yin irin wannan tasiri, sannan ta bar wa kotun Munik ta duba ko hakan ya faru.

A ganina kotun ta yi daidai da ta ƙi kafa haramci na gaba ɗaya, ko da yake haramcin zai fi daɗin karantawa. Akwai farashin ɗaya-ɗaya da cike shi ba ya cutar da kowa, kamar kuɗin wata na layin waya, wanda sau ɗaya ake biyansa kuma shi kansa adadin biya ne, ko farashin kaya mai tsada da ba a saye da yawa. Da an hana cikewa ko'ina, da an cika shagunan Turai da lambobi marasa amfani. Ma'aunin da kotun ta zaɓa yana duba sakamako: a ɗauki abin da mutum zai biya kafin sauyi da abin da zai biya bayansa a kwatanta. Rauninsa shi ne yana ɗora nauyin bincike a kan wanda aka cuta. Mutumin da ya yi asarar Yuro biyu a wata ba zai ɗauki lauya ba, da yawa ma ba za su lura ba, kuma shi ya sa wannan ƙara ta fito daga ƙungiya mai ma'aikata da ke zama su bi jadawali layi-layi. Daga sauya farashin zuwa hukuncin Luksambag an ɗauki shekara uku.

Akwai wata hujja da takan zo a irin wannan muhawara, cewa idan an cike wasu farashi sama an kuma rage wasu ƙasa, to an yi kunnen doki. Wannan yana iya zama gaskiya a littafin kamfani, amma yarjejeniya da mutum ɗaya-ɗaya ake ƙulla ta. Wanda ya zaɓi tsari saboda yana yawan kira da dare ba ya amfana da ragin da aka yi wa mai kiran rana, kuma ba a biyan bashin wani da rarar wani. Wannan ne ya sa sashe na 3 ya fi sashe na 5 nauyi a wannan shari'a, duk da cewa na biyun ne ke ɗauke da kalmar senti.

Ƙa'idar ba ta tsaya kan kamfanoni ba. A watan Janairun 2007 kotun ta sake duba makamancin lamari daga Faransa, a ƙarar da wani kamfani mai suna Estager ya shigar, inda harajin garin alkama na faran 100 a kan tan ɗaya ya koma Yuro 16, alhali lissafin canji Yuro 15.24 yake bayarwa. Kotun ta ce gwamnati tana da ikon ƙara haraji, amma dole ƙarin ya fito fili ta yadda mai biya zai bambance shawarar ƙari da aikin juya kuɗi, ba a ɓoye ɗaya a cikin ɗaya ba.

Abin da ya shafi masu kashe saifa da kobo

Lambobin da aka tsayar a ƙarshen 1998 suna aiki har yau a aljihun mutanen Nijar, Kamaru da Chadi. Tun bayan karya darajar saifa a Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa ya zama saifa ɗari, don haka da faran ya koma 6.55957 a kan Yuro, sai saifa ta koma 655.957. Senti ɗaya na Yuro ya haura saifa shida da rabi. Ɗan kasuwar da ke shigo da kaya a kan farashin Yuro, idan aka cike masa kuɗin kowane guda kafin a ninka da yawan kayan, zai gamu da irin abin da masu wayar Jamus suka gamu da shi. A ce guda ɗaya Yuro 0.125 ne, aka rubuta 0.13, a kan guda dubu ɗari bambancin Yuro 500 ne, wato kusan saifa dubu 328. Haka nan wanda ya taƙaita 655.957 ya mayar da shi 656 a kan Yuro dubu ɗari ya saka saifa 4,300 da ba su cikin yarjejeniya.

A Najeriya kuwa, inda kamfanin Glo ya shigo da lissafin kira da daƙiƙa a 2003, ana faɗin farashin waya da kobo a kan daƙiƙa, duk da cewa tsabar kobo ta daɗe da ɓacewa daga hada-hadar kasuwa. Wannan ya nuna cewa ma'aunin farashi yana iya zama ƙasa da abin da hannu ke iya riƙewa ba tare da wata matsala ba, muddin kwamfuta na riƙe da ɓurɓushin har zuwa ƙarshen lissafi. Ghana ta ɗanɗana sauyin ma'aunin kuɗi a Yulin 2007, lokacin da tsohuwar sidi dubu goma ta koma sabuwar sidi ɗaya, inda tsohuwar sidi ɗari ta zama fesuwa guda, wato kobon Ghana, kuma duk farashin da ke ƙasa da haka sai da aka yanke shawarar inda za a kai shi.

Ƙasashen ƙungiyar ECOWAS sun daɗe suna tattauna kuɗin bai-ɗaya mai suna Eco, kuma mafi yawan maganar tana kan hauhawar farashi, giɓin kasafi da ajiyar kuɗin waje. Idan ranar ta zo, za a juya farashin daƙiƙar waya, ma'aunin wutar lantarki, litar mai da kuɗin tura saƙo daga naira, sidi da saifa zuwa sabon kuɗi, kuma kowane ɗayansu ƙaramin adadi ne da ake ninkawa sau miliyoyi. Dokar Turai ta 1997 ta faɗi yawan lambobin farashin canji, ta faɗi abin da za a yi da rabin senti, amma ba ta fayyace a wane mataki na lissafi za a yi cikewar ba, sai da kotu ta fayyace bayan shekara bakwai. Duk dokar da za a rubuta wa Eco tana buƙatar wannan jimla tun daga farko, tare da ƙayyade mafi ƙarancin lambobin da farashin ɗaya-ɗaya zai riƙe bayan ɗigo, da kuma hukumar da za ta karɓi tsohon jadawali da sabo daga kamfanonin waya da na lantarki ta kwatanta su kafin su fara aiki.